Me ya sa gwajin da yake yi wa wasu yake ƙin yi mana?

Tambaya: Wata ɗalibar digiri na biyu a fannin ƙwayoyin cuta ta ce wani ɗakin gwaje-gwaje ya turo mata takardar matakan aikinsu na fitar da DNA daga jini da yin PCR, wato gwajin da ake ninka wani ɗan yanki na DNA har ya yi yawan da za a iya gani. Ta bi takardar layi bayan layi har sau huɗu ba ta ga komai ba, alhali su can abin yana yi musu kullum. Tana son sanin yadda masu bincike suke isar wa juna bayanin aiki, da abin da ya kamata ta nema ko ta bayar don kada kayan gwaji su yi ta tafiya a banza.

Amsa: Malama, wannan abu ba a kanki farau ba, kuma kada ki yi saurin ɗora wa hannunki laifi. A shekarar 2016 mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576. Sama da kashi 70 cikin ɗari suka ce sun taɓa gwada maimaita aikin wani ya ƙi, fiye da rabi kuma suka ce nasu na kansu ma ya taɓa ƙin maimaituwa. Wani aikin haɗin gwiwa da aka kammala a 2021 ya zaɓo gwaje-gwaje 193 daga fitattun maƙaloli 53 na binciken cutar daji domin a sake yin su. Ba a sami ko ɗaya da bayaninsa na rubuce ya isa a tsara gwajin ba sai an koma an tambayi masu shi. A ƙarshe guda 50 kaɗai aka iya yi.

Tushen matsalar shi ne, mai rubuta matakan aiki yana rubuta abin da yake gani muhimmi ne, ya tsallake abin da hannunsa ya saba da shi har ya daina lura. Ki tambayi tsohuwar da ta shekara arba'in tana tuƙa tuwo, za ta ce miki a zuba gari daidai, a rufe ya sulala. Ba ɓoye miki ta yi ba. "Daidai" ɗin a hannunta yake, ba a bakinta ba.

Akwai misalin da ya kamata duk mai aikin gwaji ya sani. Ɗakunan bincike biyu a Amurka, na Mina Bissell a Berkeley da na Kornelia Polyak a Boston, suna aiki tare a kan tsokar nono. Dukansu ƙwararru ne, hanyar da suke bi a takarda kuma kusan ɗaya ce: a yayyanka tsokar, a narkar da ita da sinadarin kolajinas, a ware ƙwayoyin sel da na'ura. Amma sakamakonsu ya ƙi haɗuwa. Suka shafe fiye da shekara suna musayar kayan aiki suna duba na'urori, ba su gano ba, sai da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa a kan tebur ɗaya suka raba tsoka ɗaya gida biyu. A nan aka ga cewa mutanen Boston suna motsa haɗin da ƙarfi a cikin kwalba na awa 6 zuwa 8, su kuma na Berkeley suna lilo da shi a hankali na awa 18 zuwa 24 da rabin sinadarin. Babu wanda ya taɓa tunanin yadda ake motsa kwalba abin rubutawa ne. Sun wallafa labarin a 2014 domin wasu su ɗauki darasi.

To bari mu ɗauki takardar da aka turo miki mu nemi irin waɗannan ramuka.

Fara da injin da yake wulwula samfuri, wato santirifuj. Idan an rubuta "a juya a 13,000 rpm na minti ɗaya", ba a gaya miki ƙarfin ba, domin ƙarfin ya dogara da nisan da ke tsakanin tsakiyar injin da gindin bututun. Lissafin shi ne 0.00001118 sau nisan a santimita, sau adadin juyi a minti (rpm), sau adadin juyin kuma; amsar ita ce ƙarfin g, wato ninki nawa na ƙarfin jan ƙasa. A injin da nisansa santimita 6 ne, juyi 13,000 yana ba da kusan g 11,300. A wanda nisansa santimita 10 ne, yana ba da kusan g 18,900. Rubutu ɗaya, aiki biyu. Shi ya sa mai rubutu nagari yake ba da ƙarfin g, ko aƙalla ya faɗi samfurin injin da kan da aka ɗora masa. Ki ɗauki rula ki auna naki, ki tambaye su nasu.

Sai kalmar "zafin ɗaki". Wanda ya rubuta ta a Landan ko Berlin yana nufin digiri 20 zuwa 25. A watan Afrilu, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya wuri a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana iya haura digiri 35, da hunturu kuma ga sanyin safiya ga ƙura. Barasar wanki tana saurin bushewa, sinadarai masu rai suna saurin lalacewa a kan tebur, lokacin da aka ɗibar wa kowane mataki yana canzawa. Rataya ma'aunin zafi a bangon ɗakin, ki riƙa rubuta abin da ya nuna duk ranar da kika yi aiki. Haka "a bar shi ya kwana": ga wani awa 12 ne, ga wani 18. Haka "a gauraya sosai": da juya bututu sama da ƙasa sau goma, ko da injin girgiza na daƙiƙa 15? DNA mai tsawo yana kakkaryewa idan an girgiza shi da ƙarfi. Duk inda kika ga kalma a wurin da lamba ya kamata ta zauna, ki ja layi, tambaya ce.

Wurin haɗa sinadarai ne ake yin asara mafi yawa cikin shiru. Magnesium kuloraid iri biyu ne a kan shiryayye: busasshe mai nauyin giram 95.2 a kowane mol (ma'aunin yawan sinadari), da mai ɗauke da ruwa shida mai nauyin 203.3. Idan takarda ta ce "giram 9.5 a mililita 100" don busasshen, ke kuma mai ruwan ke hannunki, abin da kika haɗa bai kai rabin ƙarfin da ake so ba, kuma PCR ba ya tashi idan magnesium ya yi kaɗan. Saboda haka a rubuta duka biyu, ƙarfin da ake nema da kuma giram ɗin da aka auna, tare da cikakken sunan da ke jikin kwalbar. Ruwan bafa na Tris kuma, wanda ake sa wa haɗi don riƙe tsaminsa, pH ɗinsa (ma'aunin tsami) yana bin zafi: yana hawa da kusan 0.03 duk digiri ɗaya da ya yi sanyi. Wanda aka daidaita a pH 8.0 a digiri 25 zai kai wajen 8.6 a cikin firij, ya sauko kusa da 7.7 a digiri 37. Ya zama dole a faɗi zafin da aka daidaita shi. Sinadarin EDTA mai ƙarfin 0.5 mola (rabin mol a lita), giram 186.1 ne a lita ɗaya, amma ba zai narke ba ko za ki kwana kina motsawa sai kin ɗaga pH zuwa kusan 8 da sodiyam haidiroksaid. Takardu da dama ba su faɗi wannan ba, domin duk wanda ya daɗe a ɗakin ya sani.

Ma'aikatan da ke duba zazzaɓin cizon sauro da madubin likita sun san irin wannan a rinin Giemsa. Hanya biyu ce: mai sauri da kashi 10 cikin ɗari na kusan minti 10, da mai jinkiri da kashi 3 na minti 45 zuwa 60. Amma sirrin yana cikin ruwan da ake sirkawa, wanda dole ya zama pH 7.2. Idan ya yi tsami, gilashin ya fito ja-ja. Idan ya haura, ya fito shuɗi, a duka biyun kuma ƙwayar cutar tana wuyar ganewa. Ana kafe siririn shafin jini da metanol, ba a kafe mai kauri, ko tururin metanol ya taɓa shi ya lalace. Wanda aka ba shi kashi da minti kawai, aka manta ba a gaya masa maganar ruwa ba, zai yi ta zargin kwalbar rini.

A kan naki aikin, ga abubuwan da zan fara tuhuma, kuma kowannensu irin wanda ba a rubutawa ne. Wane bututu aka ɗebi jinin a ciki? Mai murfi launin shunayya, wato na EDTA mai hana jini daskarewa, shi ake so. Mai koren murfi heparin ne a ciki, heparin kuwa yana hana PCR tashi, kuma yana bin DNA ya tsallake wanki. Idan asibitin da ke ba ki jini kore suke amfani da shi, su can kuma na EDTA, kin ga inda gizo ke saƙa. Na biyu, ruwan wanki na cikin kwalin fitar da DNA yakan zo da kauri, sai an zuba masa barasar etanol mai kashi 96 zuwa 100 kafin a fara amfani. Akwai ɗan akwati a jikin kwalbar da ake sa wa alama. Idan ba a zuba ba, DNA yana wankewa ya bi shara. Idan kuma an zuba aka riƙa barin murfi a buɗe cikin zafi, barasar ta gudu. Na uku, ragowar barasa a cikin matatar da ke riƙe DNA yayin wanki: bayan wankin ƙarshe a sake juya bututun babu komai a ciki na minti ɗaya, in ba haka ba barasa ta bi DNA ta kashe gwajin. Na huɗu, inzayim ɗin Taq da kansa, wato sinadarin da ke ninka DNA a PCR. Idan firizar ta sha narkewa da daskarewa saboda ɗaukewar wuta, ko kuma irin firizar gida ce mai narkar da ƙanƙararta da kanta, yana iya mutuwa kwalbar tana cike.

Ba sai kin yi ta canki-canka ba, akwai hanyar rabe su a gwaji ɗaya. Ki roƙi wancan ɗakin su aiko miki da ɗan DNA ɗin da suka tabbatar yana tashi, ko mikirolita 20 ne. Jera bututu huɗu: nasu shi kaɗai, naki shi kaɗai, nasu gauraye da naki, da ruwa zalla. Idan nasu ma bai tashi ba, matsalar tana cikin haɗin PCR ko injin, ba a fitar da DNA ba. Idan nasu ya tashi shi kaɗai amma ya mutu da aka gauraya shi da naki, akwai abin da ke hanawa a cikin naki. Ki sirka shi kashi ɗaya cikin goma ki sake gwadawa, sau da yawa yakan tashi. Idan gaurayen ya tashi, naki shi kaɗai bai tashi ba, to DNA ɗin ne babu ko ya yi kaɗan. In akwai na'urar auna tsabta, wadda ke auna hasken da samfuri ke sha a zango daban-daban, rabon awon 260 da na 280 ya zama kusa da 1.8, rabon 260 da 230 da ya faɗi ƙasa sosai da 2 yana nuna gishirin wanki ya biyo. Bututun ruwa kuwa dole ya fito fayau. In ya nuna wani abu, gurɓata ta shiga, sai a zubar da haɗin a fara sabo.

Yadda za ki yi tambayar ma yana da muhimmanci. Saƙon "na gwada bai yi ba, ku taimaka" ba ya ba kowa abin kamawa, kuma mai aiki da yawa zai ajiye shi sai wata rana. Rubuta abin da kika yi da lambobi: irin jinin da kwanakinsa, yawan da kika ɗiba, sunan kwalin da lambar rukuninsa, jerin haruffan firaima (gajerun guntayen DNA da ke nuna wa PCR wurin da zai ninka) daga 5' zuwa 3' kamar yadda suke a jikin bututun da aka kawo miki, zafi da daƙiƙun kowane zagaye, samfurin injin, da hoton jel ɗin da ake ganin sakamakon PCR a kai, wanda aka sa wa kowane rami suna har da tsanin awon tsawon DNA. Faɗi abin da kika zata za ki gani da abin da kika gani, da abin da kika riga kika kawar. Sannan ki nemi a haɗa ki da wanda yake yin aikin da hannunsa. Farfesa ya san dalilin gwajin, amma ma'aikacin fasaha ko ɗalibin da ke tsaye a kan tebur kullum shi ya san cewa suna ɗumama ruwan fitarwa kafin su zuba, ko suna barin matata ta tsaya minti biyar. A girmama waɗannan ma'aikata, a kuma sa sunansu a cikin aikin idan sun ba da gudummawa. Ilimin ɗakin gwaje-gwaje mafi yawansa a wurinsu yake zaune.

Idan duk wannan bai warware ba, ki je. Gani ya kori ji. Wani masanin zamantakewa na Birtaniya, Harry Collins, ya bi diddigin ɗakunan da suke ƙoƙarin ƙera wata irin na'urar leza da aka ƙirƙiro a Kanada, ya wallafa abin da ya gani a 1974. Babu wanda ya yi nasarar ƙera mai aiki daga abin da aka buga kaɗai. Waɗanda suka yi nasara duk sun yi hulɗa kai tsaye da wanda ya riga ya ƙera tasa ta yi aiki. Kwana uku a wancan ɗakin sun fi wata uku na musayar imel. In kin je, rana ta farko ki zuba ido kawai da takardar a hannu, kina rubuta duk abin da aka yi wanda babu shi a ciki. Rana ta biyu ki yi da hannunki suna kallo, da kayansu. Rana ta uku ki yi da kayan da kika zo da su. Idan tafiya ba ta yiwu ba, su jingina waya su ɗauki bidiyon aikin daga farko har ƙarshe ba tare da yankewa ba, ke ma ki ɗauki naki ki tura.

Wannan ta fuskar karɓa ke nan. Ta fuskar bayarwa kuma, komai daga littafin aiki yake farawa. Littafi ɗinkakke mai lambar shafi, ba fallayen takarda ba, a rubuta da biro a lokacin da ake yi, ba da daddare daga ƙwaƙwalwa ba. A rubuta abin da aka yi, ba abin da aka yi niyya ba: idan takarda ta ce minti 10 amma wuta ta ɗauke ya kai 25 kafin a tada janareta, 25 za a rubuta tare da dalili. Kuskure a ja masa layi ɗaya yadda zai karantu, kada a goge, kada a yage shafi. Littafin na ɗakin ne, yana zama idan mai shi ya tafi. Takardar matakan aiki kuma ta ɗauki lambar bugu, da kwanan wata, da sunan wanda ya gyara, da layi ɗaya na abin da aka canza da dalilinsa. A ajiye ta wuri ɗaya da kowa ya sani. Da zarar kowa yana da tasa a waya, bayan shekara guda za a tarar da hanyoyi biyar masu suna ɗaya. Abin da ya fi amfani a cikinta shi ne sashen ƙarshe, inda ake rubuta abin da ya taɓa lalacewa da yadda aka gane shi. Gwajin ingancinta mai sauƙi ne: a miƙa wa sabon ɗalibi, marubucin ya tsaya a gefe ya kame bakinsa. Duk inda ɗalibin ya tsaya ya ɗago kai, akwai layin da ya ɓata.

Lakabin bututu ƙaramin abu ne da yake cin shekarun mutane. Alƙalamin maka na kasuwa yana gogewa da ɗigon barasa, takardar manne ta ofis kuma tana ɓallewa a firizar da ke digiri 80 ƙasa da sifili. A yi amfani da alƙalami da lakabin da aka yi don sanyi, a rubuta a murfi da kuma jiki, domin murfi yana musanyuwa. Kwanan wata a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-03-04, saboda 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Kowane akwati ya kasance da taswirarsa a kwamfuta da kuma kwafi manne a ƙofar firiza, don kada a tsaya ana lalube ƙofa a buɗe.

Fayil ma haka. Abin da ya fito daga na'ura a ajiye shi yadda ya fito, a yi aiki a kan kwafi. Kowane teburin bayanai ya zo da ɗan rubutu mai bayyana ma'anar kowane jeri na tsaye, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da abin da gurbin da ba komai yake nufi: ba a auna ba, ko an auna ba a samu ba. Maganar ma'auni ba wasa ba ce. A 1999 hukumar NASA ta rasa kumbon da ta aika duniyar Mars domin wani ɓangare ya ba da lissafi da ma'aunin fam, ɗayan ya karanta da na niwton. A yi hattara da Excel, yana canza abu bai sanar ba. Sunan ƙwayar gado SEPT2 yakan mayar da shi 2 ga Satumba, MARCH1 ya koma 1 ga Maris. Wani nazari na 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka haɗo jerin sunayen a Excel, har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya canza su, MARCH1 ya zama MARCHF1. Haka yake cinye sifilin da ke gaban lambar samfuri, 0045 ta koma 45. A mayar da jerin na tsaye ya zama na rubutu kafin a zuba bayanan. Kwafi kuma uku: ɗaya a kwamfutar aiki, ɗaya a faifan waje, ɗaya a wani wuri da ba ginin ba.

WhatsApp ya zama hanyar da aka fi saurin tambayar juna, kuma yana da amfani, amma da sharaɗi biyu. Yana matse hoto ya rage masa kyau, har layin da ke dishi-dishi a jel ya ɓace, don haka a tura a matsayin fayil, ba hoto ba. Kuma duk shawarar da aka yanke a can, a kwashe ta zuwa littafi ko takardar aiki a ranar, domin waya tana ɓata, mutum yana fita daga zaure. Sunan majiyyaci, ko lambar katinsa, ko hoton fom ɗinsa, kada su shiga can ko kaɗan. Samfuri yana tafiya da lambar sirri ne, makullin da ke haɗa lamba da suna kuma yana kulle a hannun mutum ɗaya ko biyu. Amana ce ta wanda ya miƙa hannunsa aka ɗebi jininsa, kuma a Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanta.

Zaman mako-mako na ɗaki shi ne inda ya kamata a kama kuskure tun yana ƙarami, amma sai in ana nuna ɗanyen sakamako, har da wanda ya ƙi. Idan shugaban ɗaki yana tsawa duk lokacin da aka kawo gwajin da ya lalace, ɗalibai za su koyi kawo mai kyau kaɗai, mutum uku su faɗa rami ɗaya kowa yana ɓoyewa. Gwajinki huɗu da suka ƙi bayani ne mai daraja; ki kai su zaman da hotunansu.

Wani lokaci abin da ake bayarwa ba rubutu ba ne, abu ne mai rai, kuma a nan kyauta tsakanin abokai ta taɓa jawo babbar ɓarna. Ƙwayoyin HeLa, waɗanda aka ɗebo daga jikin Henrietta Lacks a asibitin Johns Hopkins a 1951, suna da saurin yaɗuwa, an kuma yi ta raba su hannu da hannu. A 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa layukan sel 18, wato zuriyoyin sel da ake reno a ɗakin gwaji, waɗanda ake ɗauka daban-daban ne duk HeLa ta mamaye su. Yau rajistar layukan da aka gano ba su ne ake zato ba ta haura 500. Saboda haka duk abin da aka ba ki, ko daga hannun wanda kika fi yarda da shi, ki tantance: layin sel na mutum a yi masa gwajin STR mai tabbatar da asalinsa da na maikofilasma, ƙwayar cutar da ke gurɓata sel; filasmid, wato ɗan zoben DNA, a karanta jerin haruffansa; ƙwayar cuta a sake shuka ta a tabbatar. Ki nemi takardar asalinsa: daga ina, zuriya ta nawa, a wane abinci ake renonsa. Kafin kaya su bar wata cibiya zuwa wata, hukumomin biyu su sa hannu a yarjejeniyar miƙa kayan bincike, wadda ake kira MTA, mai faɗin abin da aka yarda a yi da su da wanda zai wallafa. Idan za su ƙetare iyaka, akwai izinin kwamitin ɗa'a, ga kuma yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a 2014 kan albarkatun tsirrai da dabbobi da ƙananan halittu. Samfurin majiyyaci ana naɗe shi hawa uku: bututun da ba ya yoyo, cikin wani mazubi mai abin tsotse ruwa, cikin kwali mai ƙarfi mai alamar UN3373. Busasshiyar ƙanƙara tana ƙarewa da kilo 2 zuwa 5 a yini, don haka a lissafa har da kwanakin da kaya za su iya yi a hannun kwastan, kuma kada a toshe akwatin gam, iskar da take fitarwa tana iya fasa shi. A aika farkon mako, a kira mai karɓa kafin kaya su tashi.

Akwai kuma rumbunan da aka gina don kowa ya ɗiba: GenBank na jerin DNA tun 1982, Addgene na filasmid tun 2004, bioRxiv na maƙalar da ba a kai ga tantancewa ba tun 2013, da protocols.io inda ake ajiye matakan aiki dalla-dalla da lambar bugu. Ki duba can, wataƙila hanyar da kike fama da ita tana nan da ƙarin bayanin da taki ta rasa. Amfanin saurin bayarwa ya fito fili a lokacin annoba. A 2014 masu binciken Ebola a Saliyo sun riƙa sakin jerin haruffan gadon ƙwayar cutar tun kafin maƙalarsu ta fito. A 11 ga Janairu 2020 Zhang Yongzhen da Edward Holmes suka saki jerin ƙwayar korona, cikin kwanaki aka fara tsara gwajin gano ta da rigakafi. A watan Maris na shekarar, cibiyar ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Christian Happi, ta fitar da jerin farko daga Afirka.

Wurin da bayani ya fi zubewa shi ne ranar da mutum zai bar ɗaki. Wannan ce ma damuwar da Tim Berners-Lee ya kafa hujja da ita a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai a 1989, lokacin da ya rubuta shawarar da ta haifi shafukan intanet: mutane suna zuwa su yi kamar shekara biyu su tafi, abin da suka sani ya bi su. Idan lokacin kammalawarki ya zo, ki ware mako biyu kafin tafiya. Ki buɗe firiza tare da wanda zai gaje ki ku bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya da taswira a hannu, ku zubar da abin da ba shi da suna. Ki nuna masa inda ɗanyen fayil yake da inda aka sarrafa, ki miƙa littattafan ga shugaban ɗaki a rubuce, ki tsaya ya yi gwajin sau ɗaya daga farko har ƙarshe kina kallo, ki bar lambar da za a same ki.

Amma kafin nan, gobe da safe ki fara zuwa inda ake ɗibar miki jini ki ga launin murfin bututun, sannan ki duba ko an sa alama a akwatin barasa na jikin kwalbar wanki.